Ni Na Juya Takardar Jami'ar Jikana, Kawunsa Ya Ɗauki Laifin

Daga admin: Wata tsohuwa ce ta turo mini wannan da murya, ta ce ba ta iya rubutu ba. Na rubuta yadda ta faɗa, sunayen kuma ita ta sauya su da kanta.

Assalamu alaikum 'ya'yana da jikokina na wannan gurup, ina gaishe ku, ina gaishe da iyayenku. Don Allah shawara na zo nema, kuma ina sonta kafin Juma'ar nan. Ni tsohuwa ce, ban taɓa zama a aji ba, karatuna bai wuce abin da zan yi salla da shi ba. Maƙwabciyata ce take karanto mini abubuwan da kuke tattaunawa, na ga wani lokacin kuna da hankali, wani lokacin kuma bakinku ya fi hankalinku sauri. To wanda ya san wa'azi zai yi mini ya riƙe abinsa, na fi shi kusa da kabari, na san abin da ke jirana. Abin yi nake tambaya.

Mu mutanen gefen dajin Falgore ne, tsakanin Tudun Wada da Doguwa, muna kiwo muna taɓa noma. Ina da jika, bari in kira shi Mamuda. Ɗan fari ne wurin ɗana, kun kuwa san al'adarmu, ɗan fari uwa ba ta kiran sunansa, uba ba ya shiga maganarsa, ko faɗuwa ya yi a gabansu sai dai su kau da kai. Ranar da aka yaye shi aka miƙo mini shi, a bayana ya girma, a ƙwaryata ya sha nono. Ina ce masa maigida, yana ce mini Dada. Duk abin da ya shafi yaron nan ni ake tambaya, ubansa sai dai ya ce a je wurin tsohuwa.

Ana nan ana nan, yaro ya shiga makarantar boko, kansa kuwa kamar an buɗe ƙofa. Da ya kai sakandare sai aka kai shi Tudun Wada gidan yayan uwarsa, wani Sale, akawu ne a sakatariya. Sale ɗin nan, Allah na gani, ban taɓa ƙaunarsa ba shi ma bai taɓa ƙaunata ba. Mutum ne mai ɗaga hanci, tun da ya samu kujera da babur ya manta a ruga aka yanke masa cibiya. In na je gidansa ranar kasuwa sai ya ce wa matarsa a shimfiɗa wa tsohuwa tabarma a zaure, wai warin man shanu yana kama masa labule. Yaron nan shekara shida yana yi masa ɗiban ruwa da wankin babur, ban taɓa jin ya ce masa Allah ya yi albarka ba.

To a zamanin sojoji ne, lokacin da mota ke kwana a layin mai, Mamuda ya gama sakandare. Akwai wani malaminsu na lissafi, ɗan bautar ƙasa daga Kudu, shi ya hure masa kunne da karatun kwamfuta. A lokacin ko a sakatariyar su Sale babu ita, tafireta suke bugawa. Yaro ya dawo ruga yana ba ni labari, wai wani akwati ne mai gilashi, kana ba shi umarni yana bi, wai nan gaba duniya duk a cikinsa za ta koma. Na ce maigida ko aljani ne a ciki, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce jami'o'i biyu ne suke koyar da abin a cikin waɗanda ya bincika. Ɗaya tana kusa, in ka hau mota da safe kafin azahar ka isa, amma an ce injinan ba su da yawa kuma fannin sabo ne, rabinsa lissafi. Ɗayar tana can ƙasar Kudu, sai an ƙetare babban kogi an ƙara kwana a hanya, can ne malaminsa ya yi, ya ce ɗaki guda ne cike da injina, malamansu kuma sun daɗe a kan abin. Fom ɗin da ake cikawa yana da layi biyu, wadda ka fi so a sama, ɗayar a ƙasa. Ya ce shi ta Kudu zai sa a sama.

Da maganar ta je kunnen Sale sai ya hau faɗa a gaban mutane. Ya ce ɗan ruga da ko takalmi bai gama sabawa da shi ba shi ne zai je Kudu, wa ya sani a can, me zai ci, ko shanun ubansa zai kora su raka shi. Ya ce in dai shi ne zai kai fom ɗin birni to sai an sa ta kusa, in ba haka ba a nemi wani ɗan aiken. Mamuda ya ce masa Kawu ai ba kai za ka yi karatun ba. Sale ya ce to ɗan daji, za mu gani. Wannan za mu gani ɗin ita ta rataye shi har yau.

Ni kuwa ban hana shi ba. Na ce maigida Allah ya zaɓa mafi alheri, na shafa kansa. Amma a raina ban yarda ba. Ina da ɗa, Buba, ƙanin uban Mamuda, shekara uku kafin wannan ya hau tirelar shanu zuwa Kudu, ya ce mini Inna kwana goma zan yi. Har yau da nake maganar nan ban ga gawarsa ba, ban ga wanda ya ga gawarsa ba, hularsa kawai wani direba ya kawo mini. Ku gaya mini, wace uwa ce za ta sake miƙa wa hanyar nan wani? Na je wurin ubansa na ce ka hana shi, ya sunkuyar da kai ya ce Inna ai ɗanki ne, ni ina ruwana da maganarsa. Na je wurin uwarsa Hansai, ta ja mayafi ta rufe fuska. Kunya ta ɗaure bakin kowa, aka bar ni ni kaɗai da yaro mai taurin kai, wanda na san in na ce masa kar ka je zai zauna, amma zai riƙa kallona da abin har in mutu. Ban so ya zauna saboda ni ba. Na so ya zauna ya ɗauka Allah ne ya zaunar da shi.

Shi ke nan, ya cika fom tare da malamin nasa, da fensir, ya kawo ya nuna mini don in sa albarka. Na ce nuna mini da yatsa, wacce ce wacce. Ya ce ga ta Kudu a sama, ga ta kusa a ƙasa. Na lura ta saman sunanta dogo ne, ta ƙasan gajere. Da ya fita ba wa maruƙa ruwa sai na zaro tsinke biyu daga tsintsiya, na gwada a kan kowane layi na karya daidai tsawonsa, na ƙulle a bakin zanina. Ni ban san baƙi ba, amma na san awo.

Rani ya yi tsanani a shekarar, dole aka matsa da shanu wajen ruwa, ubansa kuma ƙafarsa ta kumbura, sai Mamuda ya bi garken. Kafin ya tafi ya sa fom ɗin a ambulan ya ba ni, ya ce Dada ranar kasuwa in kin kai nono ki miƙa wa Kawu, duk faɗansa zai kai, washegarin ranar ne za a rufe karɓa. Na ɗora ƙwarya a ka, na sa takarda a ƙirji, na kama hanya. Ban je gidan Sale ba sai da na biya ta gindin wata bishiya kusa da gidan waya, inda wani dattijo yake zama da teburinsa yana rubuta wa mutane wasiƙa. Na ce malam jikana ne ya yi kuskure, ya aiko ni a gyara, na sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya koma sama. Ya kalle ni ta saman tabarau ya ce Iya kin tabbata yaron ne ya ce? Na ce shekaruna sun yi kama da na mai ƙarya? Ya goge ya sake rubutawa, har da wasu lambobi da ke gefe ya sauya musu wuri. Da ya gama na kwance tsinkayena na gwada, gajere a sama, dogo a ƙasa. Ya ce Iya ke da kin yi boko da mun shiga uku. Na ba shi curin man shanu, ya liƙe ambulan da yawu da ɗan ƙaro, na kai wa Sale a zaurensa. Ko buɗewa bai yi ba, ya jefa a jakar babur yana cewa a gaya wa ɗan dajin ya ci darajar uwarsa.

Kwanci tashi, takardar jarrabawa ta fito, Mamuda ya duba ya ga ta kusa ce a sama. Bai zo wurina ba, bai ma yi tunanina ba. Kai tsaye ya tafi sakatariya, a gaban abokan aikin Sale ya ce masa azzalumi, ya ce shekara shida ka mai da ni bawa ban ce komai ba, yanzu kuma ka sa hannu a rayuwata. Sale ya tashi ya wanke shi da mari, ya ce shi bai taɓa takardar ba, kuma ko ya taɓa ai gata ya yi masa. Kun ji baƙin halin, ko a wurin kare kansa sai da ya ƙara gishiri. Yaro ya dawo ruga da shatin yatsu a fuska, ya ce Dada yaya kika ba shi ambulan ɗin? Na ce a liƙe na ba shi, maigida. Kuma a liƙe na ba shi ɗin. Da wannan na yi ta lallashin zuciyata shekara da shekaru.

Ya ci jarrabawa, ta kusa ta ɗauke shi, aka sayar da bijimi daga cikin zuriyar saniyar da aka ba shi ranar suna, ya tafi. Ba zan ɓoye muku ba, ya sha wuya. Ya ce mini shekara biyun farko a takarda suke rubuta umarnin, malami ya duba da jan biro, injin kuwa sai dai su leƙa ta taga. Da aka fara barinsu su taɓa, layi ake yi tun safe, kana zama a ɗauke wuta. Ga yajin aiki, yau a buɗe gobe a rufe, karatun shekara huɗu sai da ya ci shida da ɗoriya. Duk rufewar da aka yi sai ya dawo mini ruga, in dama masa fura, yana sha yana tsine wa kawunsa, ni kuma ina kallon wuyansa yana haɗiya ina cewa a raina ga shi nan dai da ransa. Akwai abokinsa ɗan wani mahauci daga Kiru da ya tafi ta Kudun, yanzu an ce yana ƙasar waje. Duk lokacin da aka ambaci yaron nan sai fuskar Mamuda ta canza, ya ce da ba don Kawu ba.

Kar ku ɗauka ya lalace. Yana da aikinsa a birni, yana da shagonsa, ya gina mini ɗaki na bulo, ya kai ni Makka, maganin ƙafata duk wata shi ne. Amma tun daga ranar marin nan bai ƙara taka gidan Sale ba. Bikin 'ya'yan Sale bai je ba, matar Sale ta rasu ya aika da gaisuwa a bakin wani. Ubansa ya koma ga Allah bai ce uffan a kai ba. Hansai kuwa ta tsufa tsakanin wanta da ɗanta, ba ta iya cewa ɗan ya yi haƙuri tunda ko sunansa ba ta faɗa, in ta je gidan wanta a yi mata gori, in ta dawo ta shiga ɗaki. Wani lokaci in na ɗago kai sai in ga tana kallona, kallon da ba na so, amma ba ta taɓa buɗe baki ba. Mai rubuta wasiƙa ya daɗe da mutuwa. Na ɗauka maganar ta bi shi.

To abin da ya tono ta. Mamuda yana da 'ya, Ummi, sunana aka sa mata, bana ta gama sakandare kuma ita ma kwamfutar take so. Ita ta ce ta kusa take so, ta ce yanzu ba kamar da ba ce, an gyara, ga kowa da injinsa a jaka, kuma malaman da take bi a waya suna koyarwa daga ko'ina. Uban ya ce bai san zancen ba, ta Kudu za ta sa a sama, wadda aka hana shi, ko tana so ko ba ta so. Yarinya ta yi kuka ta gaji, ta rasa mai faɗa wa ubanta, sai ta ɗauki ƙafa ta tafi wurin Sale, don ta ji an ce shi ne ya taɓa tsayawa a kan irin wannan. Sale yanzu ya tsufa, ciwon suga ya cinye shi, ido ɗaya ba ya gani, amma bakin yana nan. Ya kira Mamuda a waya ya ce kar ka huce haushinka a kan yarinya, ka bar ta ta zaɓa. Mamuda ya ce kai ne za ka koya mini barin mutum ya zaɓa? Ya ce ka ci amanata ina yaro, yanzu ka dawo ta kan 'yata, wallahi ko gawarka ba zan sallata ba.

Wannan kalmar ita ta tayar da Sale. Ya aika wa dangi kaf, ya ce shi ya ji jikinsa, ba zai shiga ƙasa da ƙazafin shekara talatin a wuyansa ba. Ya ce ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci kowa ya hallara a gidansa, ya kira liman, zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya rantse bai buɗe ambulan ɗin nan ba. Sannan ya ce duk hannun da takardar ta bi shi ma sai ya dafa. Hannu nawa ta bi? Na Mamuda, nawa, nasa. Da aka kawo mini saƙon na ce wa ɗan aiken ka gaya wa Sale ni sa'ar uwarsa ce, bai isa ya sa ni rantsuwa ba. Ya aiko da amsa wai a gaya wa tsohuwa mai gaskiya ba ya tsoron Littafi. Ashe makahon nan ya daɗe yana lissafi.

Yanzu ku ji inda nake. Ni ba zan dafa Alƙur'ani a kan ƙarya ba, ko da za a yanka ni, kuma wannan a liƙe na ba shi ɗin da na rayu a kanta ba za ta tsallake liman ba, zai tambaye ni dalla-dalla. In na ce ba ni da lafiya, Sale zai ce a ɗauko Littafin a biyo ni har gado, na san shi. In kuma na faɗa, to na ba wa mutumin da ya shimfiɗa mini tabarma a zaure nasara a gaban dangi, zai mutu yana dariya. Kuma in gaya muku gaskiya, har yanzu ban ce na yi kuskure da na tsare yaron nan a kusa ba, wanda bai taɓa karɓar hular ɗansa daga hannun direba ba kar ya yi mini hukunci. Abin da ke hana ni cin abinci shi ne na bar wani ya ɗauki kayana, na bar Hansai ta rasa ɗan'uwa da rai, ga shi yanzu ƙaramar yarinya za a tura inda ba ta so saboda wutar da ni na hura.

Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne idon Mamuda. Ni kaɗai ce mutumin da yaron nan bai taɓa zargi ba a duniya. Jiya ya kira ni, yana ta murna, ya ce Dada kin ji abin da Kawu ya shirya wa kansa? Ya ce na saya miki sabon mayafi, ni da kaina zan zo in ɗauke ki, kuma na gaya wa liman ke za ki fara dafawa, ina so in tsaya a bayanki in kalli fuskarsa lokacin da tsohuwata take rantsuwa. Na ce to maigida, Allah ya kai mu. Ya ce Dada muryarki ta yi ƙasa, ko ƙafar ce? Na ce ƙafar ce.

To 'ya'yana, ga tambayata. Zai iso da hantsi ranar Juma'a, daga ƙofata zuwa gidan Sale ni da shi ne kaɗai a mota. In faɗa masa a ɗakina kafin mu fita, ya ji daga bakina ba a gaban maƙiyina ba, ko da zai juya motarsa ya bar ni a tsaye? Ko in aika a kira Hansai in fara durƙusa mata, tunda ita ta fi kowa cutuwa, ko za ta karya kunyar shekara hamsin ta yi wa ɗanta magana sau ɗaya saboda ni? Ko in haɗiye girman kaina in aika wa Sale yau ɗin nan in roƙe shi ya janye taron, in faɗa a tsakaninmu mu uku, ni da shi da Mamuda, alhali na san zai iya ƙi don ya ga ƙarshena? Masu iyaye tsofaffi, ku sa kanku a wurin yaron nan ku gaya mini, in kakarku da ta goya ku ce ta yi muku haka, ta wace hanya za ku ji shi har ku iya ƙara kiranta Dada?